Kara nawa ne a cikin shisha ɗaya?

A shekarar 1985 wasu masu bincike na Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wato Zahran da Ardawi da Al-Fayez, suka wallafa wani sakamako a mujallar likitocin Birtaniya wanda ya ci karo da abin da mashaya shisha suka daɗe suna faɗa. Sun ɗebi jinin maza fiye da 1,800, suka auna yawan iskar kabon monoksaid da ta maƙale a cikinsa. Waɗanda ba sa shan taba ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Masu sigari, kashi 6 da 'yan kai. Masu shisha kuwa, wajen kashi 10. To ina aikin ruwan kwalbar da ake cewa yana wanke hayaƙi?

Wanda duk ya ga jurak, baƙar tabar nan mai danƙo da mutanen Hijaz ke kwaɓawa da 'ya'yan itace, ita zai fara zargi. Ashe mai laifin yana zaune a samanta. A 2008 masu bincike a Jami'ar Amurka ta Bairut suka cire garwashi daga kan shisha, suka ɗora abin zafi na lantarki, sai iskar kabon monoksaid ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Daga gawayi take fitowa, kuma ba ta narkewa a ruwa, wucewa take yi abinta.

Wannan amsar ta buɗe wata tambayar. Tunda gawayi ne ke cika jini da wannan iska, awonta ba zai nuna yawan nikotin da mutum ya sha ba, alhali nikotin ne ke ɗaure mashayi. Mai sigari a tambaye shi kara nawa yake sha a rana, a rubuta. Mai shisha fa? Kai ɗaya na taba, mutum huɗu suna miƙa wa juna tiyo, wani ya tashi bayan minti 20, wani ya shafe awa yana hira.

Sai aka koma ga na'ura. Tun shekarun 1960 akwai wadda ke shan sigari bisa ƙa'ida: zuƙa ɗaya ta mililita 35, cikin daƙiƙa 2, sau ɗaya a minti. Ko a sigarin ma tana yaudara, domin kamfanoni sun huda ƙananan ramuka a gindin karan, iska na shiga tana tsarma hayaƙin da na'ura ke zuƙa, amma yatsun mutum da leɓunansa suna toshe ramukan. Shi ya sa hukumar kasuwanci ta Amurka ta janye amincewarta da awon a 2008. Alan Shihadeh, injiniya a jami'ar ta Bairut, ya bi ta wata hanya: ya maƙala ma'auni a jikin tiyo a wani gidan shayi, ya bar mutane suna sha yadda suka saba. Abin da ya samu ya zama mizanin da ake kira tsarin Bairut: zuƙa 171, kowace mililita 530, da hutun daƙiƙa 17 a tsakani. A lissafa, hayaƙi lita 90 ke nan a zama guda, inda karan sigari ke bayar da wajen rabin lita.

Irin wannan lissafi ne ya haifi maganar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2005, cewa zaman shisha ɗaya na iya kai hayaƙin sigari 100. Maganar yawan hayaƙi ce, amma ana ta yaɗa ta kamar ta nikotin, kuma a ganina hakan na zubar da ƙimar gargaɗin a wurin samarin da suka san jikinsu bai gaya musu haka ba. Na'urar Bairut ta nuna nikotin wajen miligiram 3 a zama ɗaya, kwatankwacin kara biyu ko uku.

Shaidar ƙarshe a jikin mashayi take. Rabin nikotin na barin jini cikin kamar awa 2, amma hanta na mayar da shi wani sinadari mai suna kotinin, wanda ke ɗaukar wajen awa 16 kafin ya ragu da rabi, kuma ana ganinsa a fitsari da yawu. Wani nazari na 2007 da ya haɗa binciken ƙasashe daban-daban ya nuna mai shan shisha kullum yana ɗauke da kotinin daidai da mai shan sigari 10 a rana.

Saura rubutun jikin kwalin tabar shisha, inda za ka ga nikotin 0.05%. A 2012 masu bincike a jihar Bajiniya ta Amurka suka auna jinin masu shan irin wannan, suka gwada da na masu shan wadda aka rubuta wa 0.5%. A takarda bambancin ninki goma ne. A jini kuwa, masu shan ɗaya daga cikin nau'ukan 0.05% sun ma fi masu 0.5% samun nikotin.