Giɓin da Inshorar Dattawa Ta Bari a Amurka

Tun shekarar 1965, sa'ad da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar Medicare, galibin waɗanda suka cika shekara 65 a Amurka suna da haƙƙin gwamnati ta ɗauki nauyin jinyarsu. Amma duk wanda ya zaci ɗaukar nan cikakkiya ce, lalle bai nazarci sharuɗɗanta ba. A sashen B, wanda ya shafi ganin likita da gwaje-gwaje, kashi 80 cikin ɗari kaɗai gwamnati ke biya, saura 20 na wuyan majinyaci, ba kuma a yanke musu haddi ba, ta yadda dattijon da ake yi wa maganin sankara ko wankin ƙoda zai iya wayar gari tattalinsa na shekara da shekaru ya narke. Kwanciya asibiti ma, a 2024, sai mutum ya fara zuba dala 1,632 kafin gwamnati ta karɓi ragowar.

Domin toshe wannan giɓi ne kamfanoni ke sayar da ƙarin inshora mai suna Medigap, wadda dokar 1990 ta daidaita nau'o'inta da haruffa, har ya zama tsarin G na wannan kamfani daidai yake da na wancan wajen amfani, farashi kawai ke saɓawa. Tsarin F, wanda ya fi duka yalwa, an rufe ƙofarsa ga waɗanda suka cancanci Medicare daga farkon 2020. Wasu kuwa sun gwammace Medicare Advantage, mai rangwamen kuɗin wata da iyakar abin da za a kashe a shekara, sai dai tana ɗaure mutum ga likitocin da kamfani ya zaɓa, kuma ba a haɗa ta da Medigap.

Mas'alar da ta fi cancantar ihtiyaɗi ita ce lokaci. Wata 6 ne rak, daga watan da mai shekara 65 ya shiga sashen B, doka ta hana kamfani ya ƙi shi ko ya tsauwala masa saboda ciwon suga ko hawan jini. Da zarar wa'adin ya shuɗe, a akasarin jihohi ana iya bincikar lafiyarsa a ce masa a'a. Jihar New York ta bar ƙofar a buɗe duk shekara, abin da 'yan'uwanmu mazauna Bronx za su yi hamdala da shi.

Medicare ba ta biyan jinya a ƙetare sai nadiran. Wasu tsare-tsaren Medigap na biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya, iyakarsu dala 50,000 tsawon rai. Saboda haka dattijon da ke da niyyar aikin Hajji, ko doguwar ziyara Kano ko Kumasi, ya tambayi wannan sharaɗi kafin ya sa hannu.