Koyar da Harafin Ɗ ga Yara Masu Fara Karatu: Misali daga Malali, Kaduna

Yaron da ya tashi a unguwa irin ta Malali, a arewacin birnin Kaduna, yakan gamu da haruffa ta ƙofa uku tun bai cika shekara bakwai ba. Da safe yana makarantar boko, inda ake rera masa abacadar Turanci mai harafi 26. Da la'asar yana makarantar allo ko Islamiyya, inda alƙalami ke tafiya daga dama zuwa hagu. Ƙofa ta uku, watau rubutun Hausa na boko, ita ce ke buɗewa a makare, alhali kuwa da Hausa yake wasa a layi, ko da a gida Gbagyi ko Yarabanci ake yi. Manufar wannan maƙala ita ce duba harafi ɗaya tak, watau ɗ, da yadda za a sa yaro ya gane shi, ya kuma rubuta shi.

Wahalar ɗ iri biyu ce. Ta farko ta ido ce, kuma yaran duniya duka sun yi tarayya a cikinta. Yaro ya saba da cewa moɗa moɗa ce, ko hannunta na dama ko na hagu. Rubutu ne abu na farko da ke ce masa juyi na sauya suna, ya mai da b ta zama d. Masanin ƙwaƙwalwa na Faransa, Stanislas Dehaene, ya yi bayani a littafinsa na 2007 a kan karatu cewa ido ya zo da wannan ɗabi'a ne, sai an koya masa barinta. Saboda haka juya harafi a shekarun fari ba daƙiƙanci ba ne, kuma bulala ba ta maganinsa.

Ta biyu ta tarihi ce. Ƙa'idojin rubutun da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 ba su da haruffa masu lanƙwasa. Sai cikin shekarun 1930, zamanin da R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka sami gindin zama. Abacadar Turanci ba ta san da su ba. Yaron da aka fara da ita yakan ɗauki lanƙwasa a matsayin ado, ko kuskuren alƙalami, har ya girma yana rubuta fada inda yake nufin faɗa.

To, a nan ne ya kamata malamin boko ya leƙa zauren malamin allo. A matakin babbaƙu, kafin a kai ga farfaru, ba a barin harafi da sunan Larabci kawai. Akan raɗa masa suna na Hausa mai siffanta kamanninsa. Akwai ba guje, da ha kuri, da ha ƙarami, da am baki wofi. Abin sha'awa ma, harafin da ajami ke rubuta sautin ɗ da shi sunansa ɗa mai hannu. Ashe almajiri ya riga ya san cewa wannan sauti yana da harafinsa na kansa, kuma da wata gaɓa da ta miƙe ake shaida shi. Malamin da ya ce wa aji ɗ ta boko ita ma hannu gare ta, sai dai nata a lanƙwashe yake, ya ɗora sabon gini ne a kan tushen da ya riga ya bushe.

Amma kunne ya kamata ya riga ido. A fara da kalmomi tagwaye waɗanda yaro ya sani: daka da ɗaka, gada da gaɗa, fada da faɗa. Malama ta faɗa, yara su nuna da hannu wanne ne na turmi, wanne ne na cikin ɗaki. Wannan mataki ya fi muhimmanci ga yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce, domin da yawansu d da ɗ sauti ɗaya ne a kunnensu. Suna da yawa kuwa a azuzuwan Kaduna.

Sa'an nan hannu. Kada a koyar da b da d a mako guda, kuma kada a fara su daga wuri guda. Ita b daga sama ake saukowa da sanda, kana a yi mata ciki. Ita kuwa d da cikin ake farawa, kamar za a rubuta c, sa'an nan a hau a sauko. In d ta zauna a hannu, ƙarin da ɗ ke bukata kaɗan ne: sandar ta haura ta sunkuya dama. A yi wannan da yatsa a rairayi, a yi a iska, kafin a ba da fensir.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Lanƙwasar ɓ da ta ɗ duk dama suke kallo. A ɓ lanƙwasa ta rufa a kan ciki kamar laima. A ɗ kuwa ta juya wa cikin baya. Ke nan, in aka sa ɓ a gaban madubi ba ɗ za ta fito ba, saɓanin b da d. Yaron da aka nuna masa wannan yakan bambance masu lanƙwasar kafin ya gama rabuwa da rikicin marasa ita, har ma malama ta iya kama hannunsa ta bi da shi daga ɗ ta komo d.