Tuta: Ƙyallen da Ya Girmi Jam'iyya

Duk wanda ya bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi a kakar zaɓe ya sha ganin tutoci a kan rumfuna da bayan babura, wata da tsintsiya, wata da lema. Sai ka ɗauka 'yan siyasa ne suka zo da abin. A wannan yanki kuwa tuta ta girmi jam'iyya nesa ba kusa ba.

Bayan an yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu a 1804, ya riƙa ba manyan almajiransa tuta su koma ƙasashensu. Ƙyalle ne a kan sanda, amma shi ne takardar izini: wanda ya karɓa zai yi yaƙi da sunan Shehu, ya kuma yi mulki bisa shari'a a ƙarƙashinsa. Haka Yakubu ya karɓi ta Bauchi, Buba Yero ta Gombe, Modibbo Adama ta Fombina. Ta nan Zamfara tana hannun Abu Hamidu, wanda zuriyarsa ke sarautar Zurmi. Muhammadu Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808.

A fagen fama tuta ce idon mayaƙa. Muddin tana tsaye, an san shugaba yana nan. In ta faɗi, gwiwa ta yi sanyi. Shi ya sa ran 15 ga Maris 1903, da sojojin Ingila suka buɗe wuta a Giginya, wasu suka ƙi gusawa daga gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru har aka kashe su a wurin. Mutum ba ya ba da ransa saboda ƙyalle, sai dai saboda alkawarin da ya ɗauka a kansa.

Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, akasarin masu zaɓe ba su yi boko ba, sai alama ta zama karatu. Fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU; wannan ya ce "Salama", wancan ya ce "Sawaba", kuma an sha ɗauri a kan haka. Har gobe tsohuwa a Badarawa hoto take nema a takardar ƙuri'a kafin ta dangwala.

Abin da ya ragu, a ganina, nauyi ne. Da can sai an amince da mutum ake damƙa masa tuta. Yanzu a bayan mota ake rabonta tare da hula da atamfa, har rumfar mai shayi guda kan sauya tuta sau biyu kafin ranar zaɓe.