Murmurewa da Jin Daɗin Rayuwa Bayan Fiɗar Ƙaba ta Ƙananan Huji

1.0 Gabatarwa

Ƙaba ita ce kutsowar hanji ko kitsen ciki ta wani wuri mai rauni a matsematsi, idan kuwa ta gangara cikin maraina akan kira ta gwaiwa. A kowace shekara ana yi wa mutane fiye da miliyan 20 fiɗarta a duniya, galibinsu maza. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa babban ma'aunin nasarar aikin shi ne komawar majiyyaci bakin sana'arsa ba tare da ciwo ba.

2.0 Yadda Ake Aikin

A tsohuwar hanya, likita yakan tsaga matsematsi ya ɗinke wurin, ko ya shimfiɗa raga kamar yadda Lichtenstein ya bayyana a 1989. A farkon shekarun 1990 aka ɓullo da wata dabara, watau a sa majiyyaci barci, a yi ƙananan huji uku a cikinsa, a hura iska, a zura kyamara da kayan aiki, sannan a shimfiɗa ragar daga ciki. Tun da ba a tsaga naman matsematsi ba, zafin yakan zo da sauƙi.

3.0 Murmurewa

Yawanci akan sallami mutum a ranar ko kashegari. Ciwon kafaɗa da iskar ke haddasawa yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Haka nan ruwa kan taru a gurbin ƙabar, har mutum ya zaci ta dawo, alhali yakan tsotse da kansa. Amma zazzaɓi, ko amai, ko kasa fitsari, alamu ne na a koma asibiti nan take.

Da akan hana majiyyaci motsa jiki makonni da dama. Ƙa'idojin da likitocin fiɗa na ƙasashe suka fitar a 2018 sun ba da shawarar ya koma harkokinsa da zarar jikinsa ya yarda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manomi ko ɗan dako, wanda kwanciyarsa asara ce ga iyalinsa.

4.0 Ciwo Mai Daɗewa

Abin da ya fi dagula rayuwa shi ne ciwon da ya zarce wata 3, wanda ke samun kimanin mutum 10 zuwa 12 cikin 100 bayan fiɗar ƙaba. Sau da yawa taɓuwar jijiya ce sanadinsa, kuma yakan shafi tafiya da aiki da kwanciyar aure. Bincike ya nuna ya fi ƙaranci a fiɗar ƙananan huji, muddin gwani ne ya yi ta.

5.0 Kammalawa

Dabarar ta fi amfani ga mai ƙaba a ɓangare biyu, da mata, da wanda tasa ta dawo bayan tsagawa. Sai dai tana da tsada, kuma koyonta na ɗaukar lokaci. Saboda haka, inda babu gwani ko kayan aiki, tsagawa da raga bayan an kashe zafin wurin da allura hanya ce ingantacciya, kuma ta fi jinkiri har hanji ya shaƙe.