Wayar Hannu da Ciwon Asma: Jagora ga Mutanen Sabon Birni da Isa

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, masu ciwon asma sukan shiga halin wahala. Wannan ciwo shi ne wanda aka fi sani da fuka, ko huka a bakin Gobirawa. Hanyoyin iska na cikin huhu ne suke kumbura su tsuke, majina ta taru a ciki, sai numfashi ya riƙa fita da ƙara, ƙirji ya ɗaure, tari ya hana barci, musamman da tsakar dare ko da asuba. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba sammu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da shi, kuma ya yi sanadin mutuwar mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda magani yake wuyar samu.

Ga mazauna Gatawa, Unguwar Lalle, Tsamaye, Turba ko Bafarawa, lamarin ya fi tsanani. Hanya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da nisa, ga kuɗin mota, ga matsalar tsaro da ta sa tafiyar dare ta zama haɗari. Shi kuwa ciwon asma da dare ya fi tashi. Don haka abin da zai fi taimako shi ne a hana shi tashi tun farko, kuma a nan ne wayar hannu take da rawar takawa.

Magunguna iri biyu ne

Kafin a zo kan waya, ya kamata a fahimci magungunan. Akwai inhela mai kawo sauƙi nan take, wato salbutamol, wadda galibi shuɗiya ce. Tana buɗe hanyar iska cikin 'yan mintoci, amma ba ta warkar da kumburin. Akwai kuma ta rigakafi, irin su beclometasone ko budesonide, wadda ake shaƙa kullum ko da mutum yana jin garau. Tun shekarar 2019 ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan asma, wato GINA, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗiyar ita kaɗai. Wasu daga cikin waɗanda ake kawowa asibiti a galabaice, za a tarar sun ajiye ta rigakafin ne da suka ga sun samu sauƙi.

Abin da ƙaramar waya za ta iya yi

A Turai da Amurka akwai inhela mai ɗauke da na'urar da take aika wa waya bayanin lokacin da aka shaƙa. Irin wannan tana da tsada, kuma ba dole ba ce. Ko ƙaramar waya mai maɓallai tana iya yin ayyuka masu yawa.

Na farko shi ne tunatarwa. A saita ƙararrawar waya sau biyu a rana, misali bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, don shaƙar maganin rigakafi. A kurkure baki da ruwa a tofar bayan an shaƙa.

Na biyu shi ne ajiye lissafi. Duk ranar da aka yi amfani da shuɗiyar inhela, ko tari ya tayar da mutum daga barci, a rubuta a waya. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa: rana kaza, na shaƙa sau kaza, bayan na dawo daga sussuka. Idan ana buƙatarta fiye da sau biyu a mako, ko ana ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara, alama ce ciwon bai kwanta ba, sai a koma wurin likita. Wannan lissafi ne kuma zai nuna abin da yake tayar da ciwon: ƙurar casa da sheƙa, hayaƙin itacen girki, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin taba ko ƙurar kasuwa.

Na uku shi ne hoto da bidiyo. Mutane da yawa suna fesa maganin ya tsaya a baki, bai kai huhu ba. Idan wayar tana ɗaukar hoto, a nemi izinin ma'aikacin lafiya a ɗauke shi yana nuna yadda ake shaƙa, a riƙa kallo a gida. A ɗauki hoton kwalin magani da takardar likita, don kada a sayi wani daban a kemis. Haka nan idan ciwon ya tashi wa yaro, wani ya ɗauki ɗan gajeren bidiyo yayin da ake ba shi magani, domin sau da yawa kafin a iso asibiti numfashin ya daidaita, likita bai ga komai ba.

Na huɗu shi ne hasashen yanayi. Hukumar NiMet takan yi gargaɗin zuwan hazo da ƙura, ana kuma jin sa a rediyo, wanda yawancin wayoyi suna da shi. Ranar da aka yi gargaɗi, a rage fita da sassafe, a rufe hanci da baki, a sa inhela a aljihu.

Idan babu sabis fa?

A watan Satumba na shekarar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabon Birni da Isa. Wannan darasi ne. Duk abin da aka lissafa a sama yana aiki ba tare da intanet ko sabis ba, muddin an ajiye shi a cikin wayar kuma akwai caji. Duk da haka a nemi likita ya rubuta tsarin magani a takarda, a ajiye ta inda kowa a gida ya sani. Waya tana iya ɓata ko ta mutu, takarda kuwa ba ta buƙatar caji.

Ga yara da tsofaffi, a tambayi ma'aikacin lafiya game da mazubin da ake haɗawa da inhela don maganin ya shiga sosai. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu, aka buga a shekarar 1999, ya nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita, idan aka gyara ta yadda ya dace, tana aiki kamar wanda ake sayarwa.

A yi hattara

Ba duk abin da ake turawa ta WhatsApp ko Facebook ne gaskiya ba. Har yanzu ba a samu maganin da yake raba mutum da asma baki ɗaya ba, sai dai a kwantar da shi a yi rayuwa lafiya lau. Duk wanda ya ce a jefar da inhela a sayi nasa maganin, a guje shi. Inhela ba ta sa mutum ya kamu da jarabarta, kuma mai juna biyu ba ta daina amfani da ita sai da shawarar likita. Kada kuma a saba da shan ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone ba tare da izinin likita ba, domin yawan shansu yana jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi.

Lokacin da ba a jira

Idan mara lafiya ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko leɓensa ya canza launi, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko shuɗiyar inhela ta daina yi masa aiki, to ba lokacin tura saƙo ba ne. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a ci gaba da ba shi inhela kamar yadda likita ya rubuta, a nufi babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, ko cibiyar lafiya mafi kusa. Tun yau a ajiye lambar ma'aikacin lafiya da ta mai mota ko babur da aka amince da shi, kuma kada a bari inhela ta ƙare kafin a sayi wata.

Ranar zuwa asibiti a zo da wayar, da takardar, da duk magungunan da ake amfani da su. Allah Ya ƙara mana lafiya.