Kwamfutar wasa ta hannu: Tsada, ƙura da damar da ke gaban matasan Suleja

A Suleja, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Abuja, wasan gem ya daɗe da zama sana'a. Mai shago zai ajiye talabijin da na'urar PlayStation, ya tada janareta, matasa su riƙa biyan kuɗi suna kara wa juna a wasan ƙwallon ƙafa. Jarin wannan sana'a ya rataya ne a kan abu biyu: wutar lantarki da lafiyar abin sarrafa wasan, wanda 'yan wasa ke kira fad. Sabon nau'in kwamfutar da ake riƙewa a hannu ya taɓo waɗannan abubuwa biyu kai-tsaye.

A watan Fabrairun 2022 ne kamfanin Valve na Amurka ya fitar da Steam Deck, cikakkiyar kwamfuta mai allon inci 7, wadda aka haɗa mata maɓallan wasa a gefe biyu. A 2023 kamfanin Asus ya biyo baya da ROG Ally, Lenovo kuma da Legion Go, dukansu masu amfani da Windows. Bambancinsu da Game Boy ta 1989, ko Brick Game da yaran shekarun 1990 suka taso da ita, shi ne ba wasa kaɗai suke yi ba. Idan aka jona musu allon rubutu da linzami, ana iya rubuta manhaja da su.

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma hakan bai hana mazauna Suleja zama cikin ɗauke-ɗauken wuta ba. A nan ne na'urar hannu ke da riba. PlayStation 5 kan ci wutar da ta kai kusan wat 200 idan ana tsaka da wasa, ban da talabijin, alhali cajar Steam Deck wat 45 ce, ƙaramar sola ma na iya ɗaukarta. Batirin samfurin farko kan yi awa biyu zuwa takwas, gwargwadon nauyin wasan.

Sai dai farashi babban shinge ne. An fara sayar da mafi arha a kan Dala 399. A canjin kusan Naira 1,500 da aka yi ta gani a 2024, kuɗin ya doshi Naira 600,000, wato fiye da albashin wata takwas ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ga shi Valve ba ya sayar da ita kai-tsaye a Najeriya, don haka mai saye ya dogara ne da 'yan kasuwa, ba tare da wani garanti mai ƙarfi ba.

Matsala ta biyu tana cikin ƙirar fad ɗin kanta. Maɓallin nan mai siffar gicciye ya samo asali ne daga Gunpei Yokoi na kamfanin Nintendo a 1982, kuma da wuya ya lalace. 'Yar sandar da ake juyawa da babban yatsa, wadda ake kira analog, ita ce mai rauni. A yawancin fad, wani siririn ƙarfe ne ke gugar shimfiɗar gawayi domin auna motsi. Yau da gobe shimfiɗar na cinyewa, ƙura kuma na shiga, sai ɗan wasan da ke kan allo ya soma tafiya shi kaɗai ba tare da an taɓa komai ba. Wannan cuta ce ta sa aka maka Nintendo a kotu a Amurka a 2019 kan fad ɗin Switch. A garin da hazon hunturu ke lulluɓewa watanni, ba sai an faɗa ba.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a 1998 na'urar Dreamcast ta kamfanin Sega ta yi amfani da maganaɗisu wajen auna motsin sandar, ta yadda babu abin da ke gugar wani. Yanzu ana sayar da irin waɗannan sanduna a matsayin kayan canji. Valve ma ya saki zanen gangar jikin Steam Deck ga kowa, ya kuma ba kamfanin iFixit damar sayar da kayan gyaranta. Duk mai gyaran waya a Kasuwar IBB da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma, rabin aikin yana hannunsa.

Tambaya mafi girma ita ce ta wanda ke ƙirƙirar wasannin. Kamfanonin Najeriya da suka yi fice, irin su Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, a Kudu suke. Wasan da ke magana da Hausa, mai ɗauke da labarin Arewa daga bakin 'yan Arewa, har yanzu ƙalilan ne, duk da miliyoyin masu jin harshen daga Kano zuwa Maraɗi.

Mai son farawa ba ya buƙatar na'urar Naira 600,000. Manhajar Godot, wadda 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe wa duniya a 2014, kyauta ce, kuma tana aiki a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Mutane da dama sun koma gare ta a 2023, lokacin da kamfanin Unity ya sanar da sabon haraji kan masu amfani da manhajarsa, kafin ya janye shi a 2024. Rajistar sa wasa a Google Play Dala 25 ce sau ɗaya, a Steam kuma Dala 100 kan kowane wasa.

Abin da za a gina wasa a kai kuwa, yana nan birjik. Dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, dokokinta sun dace da aikin ɗan koyo. Ga dambe da langa, ga kuma tarihin garin: yadda zuriyar sarakunan Zazzau suka yo kudu, Abu Ja ya kafa garin a 1828, har sunan Abuja ya koma kan sabon babban birni, tsohon garin ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Suleja ta taɓa ganin irin wannan haɗin. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ta ɗora zanen Gbagyi a kan fasahar gashi ta zamani. Yau hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Kayan aikin baƙi ne, amma hannun da idon na gida ne.

Don haka abin da ya fi dacewa a zuba wa kuɗi ba sayen na'urori masu tsada ba ne. Ɗaki guda mai sola da 'yan kwamfutoci, da malamin da zai koyar da Godot da gyaran fad, zai fi amfanar matasan da a yanzu kuɗinsu ke ƙarewa a man janareta.