Bayan An Watse Zaman Makoki

Shirinmu na musamman na yau zai shiga cikin ganuwar birnin Zazzau, ya zauna da mutanen da ciwon daji ya raba da nasu: matar da ke takaba, magidancin da ya rasa uwar 'ya'yansa, da 'yar da ta yi watanni tana kwana a gindin gadon asibiti.

Duk wanda ya tashi a birni, a Kwarbai ne ko Kaura, Limancin Kona ko Babban Dodo, ya san ba a barin mai rashi shi kaɗai. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, kwanukan tuwo da kunu na ta shigowa daga maƙwabta. Abin yana da asali, domin lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci. Mai shigowa ya ce, "Ya haƙuri?" A amsa masa, "Da godiya." Ya ce, "Allah ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara." Kwana uku ana haka. Wasu gidajen su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Daga nan kowa ya kama gabansa, kuma a lokacin ne rashin ke fara cizo.

Mutuwar da daji ya yi sanadi ba ta zuwa ita kaɗai. Doguwar jinya ce ke gabanta. Gidan da ya yi wannan jinya ya haddace hanya: a fita ta Ƙofar Doka da asuba, a ratsa Tudun Wada, a wuce Kwangila da Samaru, sai Shika, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake bin layi tare da mutanen Katsina da Zamfara da Neja. Yau gwajin jini, gobe hoto, jibi kemo, wani watan gashi. An sayar da fili, an sayar da keken ɗinki, 'yan kunnen gwal sun tafi. Sai kuma rana ɗaya komai ya tsaya cak.

Ku dubi wadda ta yi jinyar. Har yanzu ƙarfe biyun dare sai ta farka firgigit, don jikinta ya saba da lokacin ba da magani. Ledar magunguna na nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, da katin asibiti da takardun hoto a ciki, ba wanda ya iya taɓawa. Akwai kuma abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Ranar da Inna ta cika, bayan kukan, ta ji wani sanyi a ranta cewa azabar ta ƙare, kuma tun daga ranar take tuhumar kanta. Baiwar Allah, in kina jinmu, wannan ba rashin ƙauna ba ne. Wanda ya ga raɗaɗin da idonsa shi ne ya fi kowa sanin ma'anar addu'ar da muke yi cewa Allah ya sa ta huta.

Sai babban nauyin, wato da-na-sani. Da mun je asibiti tun ƙullutun yana ƙarami. Da ba mu saurari masu cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura ba. Da ba mu ɓata wata shida ana cewa jifa ne, ana shafe-shafe da hayaƙi ba. Gaskiya ne jinkiri na kisa, kuma likitoci sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu wannan ciwo ba sa iso musu sai ya ci jiki. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mutum fiye da 120,000 ne ke kamuwa da shi a Najeriya cikin shekara guda, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Amma akwai wanda aka yi wa duk abin da kuɗi ke iya yi, kwana ya ƙare. Hajiya Maryam Babangida a wani asibitin Amurka ta rasu a watan Disambar 2009, daji ne kuma sanadi. Talakan da ya sayar da gonarsa bai gaza ba. Masu zuwa gaisuwa kuwa da ke buɗe baki da "ai da kun kai ta wuri kaza", don Allah su riƙe shawararsu. Da-na-sani ƙeya ce, mai rashi ya riga ya ji nauyinta ba sai an ƙara masa ba.

Akwai wani kuskure da muke yi wa haƙuri, musamman mu maza. Mun ɗauka haƙuri shi ne mutum ya haɗiye komai, ya fito majalisa washegari yana hirar siyasa. To, Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. A ƙasar nan tamu, Nana Asma'u 'yar Shehu, da duk iliminta, marsiyya ta zauna ta rubuta da ta rasa ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Abin da addini ya hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganar saɓo. Hawaye da ambaton mamaci da alheri ba su ɓata haƙurin kowa ba.

To, ta ina ƙarfin zuciya ke dawowa? A birni dai, ta ƙofar gida yake shigowa, a ƙafar mutane. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, amma baƙi sukan ɗauke ƙafa tun ba a yi rabi ba. Maƙwabciyar da ta leƙo a wata na uku ta zauna ana tsinke zogale tare, ta bar mai takaba ta ba da labarin mijinta har ta gaji, ta yi aikin da taron kwana uku bai yi ba. Haka aminin da ya ja ɗan mamaci gefe ya tambaye shi, "Nawa ake bin Malam na asibiti?" Bashi ne ke hana gidaje da yawa barci, kuma sai an biya shi kafin a raba gado. Haka wadda ta kawo wa bazawara yadi da zare ta ce ta koma ɗinkin hannun da aka san matan birni da shi, ko ta biyo mata su tafi Islamiyya. Yara ma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da aka ce wa Mama ta yi tafiya, zai yi ta zaman jiran ta dawo.

In kuwa watanni sun shuɗe mutum ba barci, ba cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yana fatan ya bi mamacin, a kai shi ya ga likita. A haɗa da addu'a. Ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Mukan ɓoye sunan ciwon, a ce "ta yi fama da doguwar jinya" a rufe zancen. Wannan kara tana cutar da na baya. Sankarar mama takan bi jini a wasu zuri'o'in, don haka 'ya'ya mata da ƙannen marigayiya suna da haƙƙin su san abin da ya faru, su riƙa duba jikinsu, su je asibiti da zarar sun ji ƙullutu ko sun ga canji. Tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, kyauta. Ciwon hanta nau'in B, wanda ke iya rikiɗewa ya zama dajin hanta, yana da gwaji yana da rigakafi. Ba sai an je Shika za a fara tambaya ba, ga Asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan. Gidan da ya yi rashi ya fi kowa sanin tsadar jinkiri, kuma maganarsa ta fi ta kowa shiga kunnen maƙwabta.

Masu sauraro, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya tuna gida ɗaya a unguwarsu da aka yi irin wannan rashi wata biyu ko uku da suka wuce. A je, a nemi wanda ya yi jinyar a yi masa sannu, a tambayi kuɗin makarantar marayun. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari.